Kayan ɗakin Iya: aikin da na sa gaba

Asabar, 2 Nuwamba 2024

Yau na kwaso kayan ɗakin Iya, kakarmu, Allah ya jiƙanta ya kai haske kabarinta. Wata huɗu kenan da rasuwarta, ɗakin yana kulle, sai satin nan Baffa ya ce a buɗe don za a raba gado. Ni ban ma san yau za a fito da kayan ba, gaisuwa kawai ta kai ni gidan, ina shiga na tarar an zube kwanuka a tsakar gida kuma ga wani ɗan gwangwan a tsaye da sikelinsa yana jira, wai a kilo zai saya. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Kwanukan da muka taso muna kallo jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, waɗanda ko taɓawa Iya ba ta bari mu yi, su ne za a ɗora a sikeli kamar ruɓaɓɓen kwanon rufi.

Na ce Baffa dan Allah a dakata. Da yake sunan Iya aka sa min, shi da Gwaggo ba sa iya kiran sunana, ya ce Uwata me za ki yi da tarkace, na ce ni dai a bar min. Ya ce to haƙƙin magada ne, ba kyauta zai ba ni ba, sai dai a yi musu kuɗi in biya a zuba cikin gado, na ce hakan ma ya fi min kwanciyar hankali. Aka tsaya a dubu 70, na tura nan take. Adaidaita biyu suka kawo min su gida.

Na buɗe wannan rubutun ne don in riƙa ajiye abin da na yi da abin da na kashe. Niyyata in wanke, in gyara na gyarawa, in yi musu jere a falo kafin sabuwar shekara in Allah ya yarda.

Lahadi, 3 Nuwamba

Ƙirga kawai na yi yau, na rubuta a littafi, kowanne na ɗauke shi hoto a waya sama da ƙasa. Langa 14, kwalla 5, tasoshin tagulla 3 masu murfi da faranti ɗaya babba, ƙorai masu zane 7 da masaki 1, akushi 2, faya-fayai 9, adudu 1, tandun kwalli. A cikin adudun akwai zanen saƙi da wata babbar riga ta Malam, kakanmu, wanda ban ma taso na gan shi ba, sai wani ƙullin tsumma da kuɗin da a ciki. Akwai kuma murfin kwalla guda ɗaya babba mai jan fure da ba shi da uwa, na duba na sake dubawa babu kwallar da ya hau.

Laraba, 6 Nuwamba

Sabulu, buroshi mai laushi guda biyu, soso, tsummoki: 6,500. Ban taɓa komai ba, aiki ya yi yawa.

Asabar, 9 Nuwamba

Wankin langa da kwalla. Ruwan ɗumi da sabulu da soson katifa kawai, kuma Alhamdulillah launin ya fito ras kamar jiya aka saye su, jan ya yi ja, shuɗin ya yi shuɗi. Abin da ya sa ba sa koɗewa shi ne ba fenti ba ne a jikinsu, gilas ne ake narkawa a wuta a kan ƙarfen, shi ya sa in kwano ya faɗi yake ɓantarewa maimakon ya goge, kuma daidai wurin ɓantarewar nan tsatsa take kamawa. Guda shida suna da irin wannan tabon a gindi. Maigida ya ce a sayo fenti a shafe, na ce a'a, na goge tsatsar a hankali na busar sosai na ɗan shafa mai siriri don kada iska ta ci gaba da ci.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci karatun tambarin gindinsu. Wasu an yi su a Sin, wasu Hon Kon, wasu nan gida Najeriya, sai guda uku masu nauyi sosai da aka buga Cekoslobakiya, ƙasar da tun 1993 ta rabu biyu, yanzu babu ita a taswira amma ga sunanta a gindin langar Iya a Kano. Su ukun nan ko a hannu ka ɗauka za ka ji bambanci, ƙarfen ya fi kauri, furen kuma ba a cika shi da yawa ba, reshe ɗaya ne da ganye, ni a idona sun fi duk sauran kyau.

Talata, 12 Nuwamba

Yau na yi ɓarna, kuma raina a ɓace yake har yanzu da nake rubutun nan.

Tasoshin tagullar sun yi baƙi-baƙi, da ɗan kore a cikin zanen. Na tuna ana wanke tagulla da tsamiya, sai jiya da daddare na jiƙa tsamiya mai kauri na ƙara lemun tsami da gishiri na tsoma ƙaramar tasar gaba ɗaya, na ce bari in bar ta ta kwana don dauɗar ta jiƙa da kyau. Da safe na ciro ta, maimakon ruwan zinaren da nake jira sai na ga ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ja-ja kamar naman da aka yanka, wani wuri fari. Hankalina ya tashi, kuma maimakon in tsaya a nan sai na ɗauko soson ƙarfe na hau dirza wai ko jan zai fita. Jan ya ɗan ragu amma yanzu gefe ɗaya duk ya yi ƙarce-ƙarce, kuma zanen da ke wurin, wasu ƙananan ɗige-ɗige da aka jera kamar sarƙa suka zagaye bakin tasar, sun dushe, baƙin da yake kwance a cikin ramukan wanda shi yake fito da zanen ya tafi. Sai yanzu da na ajiye ta kusa da 'yan uwanta biyu na gane ashe baƙin nan da nake ganin datti ne shi ne rabin kyan abin. Tasar nan ta fi ni shekaru nesa ba kusa ba, ta zauna lafiya a hannun Iya, kwana goma a hannuna na ji mata ciwo.

Sauran biyun da farantin na mayar da su cikin kwali. Ba zan ƙara taɓa tagulla ba sai na tambayi masu sana'ar.

Asabar, 16 Nuwamba

Kurmi. Na daɗe rabona da shiga, kullum sai dai Kwari ko Sabon Gari, na manta yadda lungunan suke a matse da ƙanshin jima da turare da kayan yaji duk a haɗe. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau in kana neman kayan doki, linzami, tandu, gafaka, takalmin fata, nan ne dai wurin. Da tambaya aka kai ni wurin wani dattijo maƙerin fari, su ne masu aikin azurfa da tagulla, ba kamar maƙeran baƙi masu fartanya da gatari ba.

Na gaishe shi na miƙa masa tasar a leda. Ya juya ta ya ƙwanƙwasa da farce ya saurari ƙarar, ya ce wannan aikin Nufawa ne, ta Bida ce. Ya nuna min ta ciki yadda sawun guduma yake a jere, ya ce ba zubi ba ce, falle ɗaya ne aka yi ta bugu ana mayarwa wuta ana bugu har ya zama tasa, zanen kuma ɗaya bayan ɗaya aka buga shi da ɗan ƙarfe mai tsini, shi ya sa in ka ƙura ido babu ɗigo biyu da suka zo daidai. Sannan ya ce Hajiya kwana kika bar ta a tsami ko, na ce eh Baba. Ya ce tagulla haɗi ce, jan ƙarfe da tutiya, in tsami ya daɗe a kanta sai ya cinye tutiyar saman ya bar jan, shi ne abin da na gani. Tsamiyar ba laifi ba ce, amma shafawa ake yi a ɗauraye nan take a goge, ba jiƙo ba. Soson ƙarfe kuwa ya ce ko kusa kada ya ƙara zuwa.

Ya karɓi tasar zai bi ta da toka mai laushi da tsumma ya kwantar da ƙarcen, amma ya faɗa min gaskiya ɗige-ɗigen da suka lafe ba za su taso ba. Baƙin kuma zai dawo da kansa, shekaru ne suke kawo shi. Na ce sauran fa, ya ce busasshen tsumma, sai buroshin haƙori mai laushi a cikin zanen inda koren yake, shi kenan. Ladan aiki 3,000.

Na nuna masa ƙullin kuɗin ma. Aninai ne da kwabbai masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, na zamanin Turawa, kafin a koma naira a 1973. Sai guda ɗaya babba na azurfa da hoton wata mata mai jiki, an liƙa masa kunne don a rataya a wuya, an rubuta 1780. Har na fara murna, ya ce liyari ne, kuma kada shekarar ta ruɗe ni, duk wanda aka buga bayan rasuwar sarauniyar, Mariya Tereza ta Ostiriya, 1780 ɗin ake ci gaba da bugawa a kai ko da bayan shekara ɗari ne. Fatake ne suke shigowa da su, mata suna wuya da su, maƙera kuma suna narkawa su yi zobe da munduwa. Azurfa ce dai ta gaske.

Alhamis, 21 Nuwamba

An karɓo tasar, ta yi dama-dama. Na shafa wa akusan man kaɗanya kaɗan, 1,000, baƙinsu ya dawo yana sheƙi.

Lahadi, 24 Nuwamba

Wata sabuwa. Na ɗaga akushi ɗaya na ga gari-gari a ƙarƙashinsa kamar an barbaɗa, na duba da fitilar waya sai ga ƙananan huji kamar na allura, haka ma ƙorai biyu da masakin. Ƙwaro yana ciki yana ci. Na karanta cewa a gidajen tarihi sanyi suke amfani da shi, a ƙulle abu a leda a sa a firiza wajen sati guda sanyin ya kashe ƙwaron har ƙwansa, to mu firizarmu ba ta samun wutar da za ta yi ko kwana biyu a daskare. Sai na ce bari in yi da zafi, na sa su a baƙar leda na shanya a rana tun hantsi.

Ban yi lissafin hunturu ba. Iskar nan da take fasa leɓe da dunduniya ita ce dai take busar da ƙwarya, ga zafin leda a kai. La'asar na buɗe na samu babbar ƙwaryar, wadda ta fi kowacce zane, ta tsage daga baki ta gangaro wajen tsawon yatsa biyu. Na zauna a wurin na kasa tashi. Ita ce wadda Iya take dama mana fura a ciki in mun je hutu, zanenta na wuta ne, da ƙarfe mai zafi aka bi aka ƙona layukan, akwai wani abu kamar ƙadangare guda huɗu sun haɗa kai a gindinta.

Maƙociyata mai sayar da ƙanƙara tana da sola, ta yarda in sa sauran a firizarta. Na naɗe kowanne a tsumma na sa a leda biyu na ɗaure tam, ta ce sai sati. In an ciro kuma ba za a kwance ba sai sun huce a cikin ledar.

Alhamis, 28 Nuwamba

Na kai yara Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, bayan an tashi makaranta, ni kuma da nufin in ga yadda suke ajiye kaya. Gidan shi kansa abin kallo ne, ginin ƙasa mai kaurin bango da bakan gizo a rufi, waje ana ƙura da rana ciki kuwa sanyi ƙalau. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, amma ni inda na daɗe shi ne ɗakin amaryar gargajiya. A nan na lura jere ba tarawa ba ne kawai, babba a ƙasa, na biye da shi a kai, a tafi ana ƙanƙancewa har sama, kuma ana duba launi don kada ja ya haɗu da ja. Autata ta tambaye ni wai ina firij ɗin amaryar, na nuna mata randa.

Na fasa shawarar kabet mai rufaffiyar ƙofar katako. Gilas zan sa a gaba, kuma tsakanin katakan ya yi tsawo yadda kwalla da langa uku za su hau kan juna.

Alhamis, 5 Disamba

Kwana goma ina neman mai gyartai. Da can yawo suke unguwa-unguwa suna kira, mata su fito da fasassun ƙorai, yanzu roba ta kashe sana'ar, duk wanda na tambaya sai ya ce ai sun ƙare, wasu samarin ma ba su san kalmar ba. Mutum uku suka ce in sa sufa gulu. A ƙarshe mai kawo mana nono ce ta ce akwai wani tsoho a ƙauyensu da yake ɗinke musu ƙoran tallan nono, ta zo min da shi yau.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure na kawo ruwa, ya ce 'yata kawo mara lafiyar mu gani. Kayan aikinsa duka a 'yar jaka ɗaya, basilla, wuƙa, da wasu zaruruwa na kaba da ya jiƙa a ruwa. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki, ya huda ƙaramin rami a daidai ƙarshen tsagar, ya ce wannan shi zai hana ta ci gaba da tafiya. Sannan ya jiƙa bakin ya bar shi ya yi laushi, ya bi gefe da gefe yana huji a jere, ya kwantar da wani siririn zare a kan tsagar ya riƙa ɗinkewa a kansa yana ja a hankali har bakin ya haɗe. Bai yi sauri ba, kusan awa biyu, ni ina zaune ina kallo ban ko duba waya ba. Da ya gama ya zuba ruwa a ciki ya ɗaga sama, ko ɗigo.

Ya ga wata ƙaramar ƙwaryar da take da tsohon ɗinki tun na Iya, ya shafa da yatsa ya ce wanda ya yi wannan gwani ne, dubi yadda ya bi da ɗinkin ta cikin layin zanen don kada ya ɓata shi. Ni shekara nawa ina ganin ƙwaryar nan ban taɓa lura ba. Ya kuma nuna min cewa biyu daga cikin ƙoran ba zanen wuta ba ne, da wuƙa aka sassaƙa aka shafa baƙin tukunya da mai ya shiga cikin layukan. Ya ce in raba su da rana da bakin taga, kuma lokacin hunturu in ajiye ɗan kwano da ruwa a kusa da su.

Dubu biyu ya nema. Na ba shi 6,000 da kuɗin mota da abinci, kuma ko haka ina ganin ban biya ba.

Lahadi, 8 Disamba

An ciro kayan firiza tun Talata, na shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinsu don in gani, har yau babu gari. Kafinta ya zo ya auna bango, mun yi ciniki dubu 180 har gilas, na ba da kafin alƙalami dubu 100. Ya ce kwana goma.

Asabar, 14 Disamba

Rigar Malam. Na daɗe ina jin tsoron buɗe ta gaba ɗaya, yau na shimfiɗa zanen gado a ƙasa na warware ta. Saƙi ce, shuɗi mai duhu da ɗigon fari kamar gashin zabo, kuma ba yadi ɗaya ba ne, sirara-siraran saƙa ne masu faɗin kamar yatsa biyu aka harhaɗa da allura, na fara ƙirgawa na kai sittin na ɓace. Aikin wuyan da aljihun da zaren tsamiya aka yi shi, irin silikin nan namu mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake samu daga gidan tsutsa, ba ya walƙiya irin na zaren kanti, wani haske ne da shi a kwance. Aska biyu ce, ga su nan dogaye masu tsini sun sauko ta gefen aljihu, ga dagi, ga wani zagaye da ya hau kafaɗa ya juya baya. In ka kifa ta ciki ka ga bayan ɗinkin kusan tsabtarsa ɗaya da gaban. Mutum ya zauna watanni da allura a kan wannan, kuma ba a san sunansa ba, wannan abin yana tsaya min a rai.

Asu ya ci wurare huɗu a baya da ɗaya a hannu, aikin dai bai taɓa ba. Na ɗauke ta zuwa Ƙofar Mata, marinar da masu ita suke kafa tarihinta daga 1498, da tunanin a wanke a buga min ita ta yi sheƙi irin na da. Mabugin ya karɓa ya ɗan ja gefe da yatsu biyu ya sa kunne, ya ce Hajiya in na ɗora wannan a kan gungume na sauke mata tabarya sau goma sai dai ki kwashe a tsumma, zaren ya gaji. Kada a wanke, kada a buga, kada a rataye ta a hanga don nauyinta zai yaga kafaɗar. A kakkaɓe a inuwa a naɗe da farin yadi, kuma duk bayan 'yan watanni a sake ninkin ta wani wuri don kada ta karye a layi ɗaya. Ya ƙi aikin da zai samu kuɗi ya faɗa min gaskiya, Allah ya saka masa.

Farin yadi 5, 9,000. Na wanke shi sau biyu don sitacin ya fita. Busasshen ganyen darbejiya na ƙulla a tsumma na sa a gefen akwatin, ba a jikin rigar ba.

Talata, 17 Disamba

Hoton kayan da na sa a sitatus ya jawo min baƙo. Wani dillali ya samu lambata ta hannun wata, ya kira ya ce yana sayen kayan da, yana da masu karɓa a waje, rigar da tasoshin da liyarin zai ba ni dubu 400. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya sake kira da yamma ya ƙara dubu ɗari, ya ce ai a wurina lalacewa za su yi. Maganar ta soke ni don na san abin da na yi wa tasa da ƙwarya, amma na ce masa a'a, kuma na tuna masa akwai doka tun 1979 da ta hana fita da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Ya kashe wayar. Na cire hoton.

Ba wai ina ganin laifin duk wanda ya sayar ba ne, rayuwa ta yi tsada, wani abincin gidansa ne. Amma irin haka ne ya sa yau yaro sai ya ga rigar kakansa a hoton gidan tarihin Landan a intanet bai taɓa ganin irinta a garinsu ba.

Lahadi, 22 Disamba

Gwaggo ta zo yini. Na fito mata da kayan ɗaya bayan ɗaya, ashe kowanne ta san shi. Wannan na gara ne, wannan ƙanwar Iya ce ta kawo ranar sunan Baffa, wannan da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Iya ta saya da kanta, adashi uku ta zuba kafin ta haɗa saitin. Tasoshin kuma ba ma na Iya ba ne asali, na mahaifiyarta ne, da su aka yi mata jere, lokacin ƙorai da tasa ne kayan ɗaki kafin langa ta shigo ta ture su, kamar yadda tangaran da kuloli suka zo suka ture langa. Na kunna rikoda a waya ina ɗauka, minti arba'in da bakwai.

Da na ɗauko murfin nan mara uwa sai ta yi shiru ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta ce Uwata kin san ina kwallar take, na ce a'a Gwaggo. Ta ce shekarar farin nan na 1973, hatsi ya yi wuya, Malam yana kwance ba lafiya, su bakwai ne a gaban Iya. Kwallar ita ce babbar cikin jerenta, wadda ake fara gani in an ɗaga labule. Da daddare Iya ta naɗe ta a zane ta ba dillaliya don kada maƙota su gani, aka sayo gero da dawa da suka kai su har kaka. Murfin kuwa ta ce wa dillaliyar ya ɓata, ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado, tana cewa in Allah ya hore za ta fanso kwallarta ta mayar mata da murfinta. Da aka samu sauƙi aka nemi matar da ta saya aka ce sun tashi. Gwaggo ta ce ita tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta riƙe fitila a daren, kuma Iya ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, amma duk sallah in ana wanke jere sai an wanke murfin nan.

Mun yi kuka mu biyu. Na tura wa Baffa rikodin da daddare, bai ce komai ba sai da safe ya kira ya ce in an gama jeren in faɗa masa.

Asabar, 28 Disamba

Kwana goman kafinta ya zama ashirin. Ya kawo yau kuma katakan ciki ya yi su kusa-kusa irin na kabet ɗin tangaran, kwalla ba ta shiga ko a karkace, alhali da hannuna na zana masa a takarda. Ga warin fenti. An cire katako biyu an sake jera su, ya ce sai na ƙara 12,000 na aiki, na biya don a wuce wurin, da cikon dubu 80. Zan bar shi a buɗe sati guda warin ya fita kafin in sa komai.

Asabar, 4 Janairu 2025

An yi jere. Gwaggo ce ta jagoranta, ni da 'yata babba muna miƙo mata, ta ce matsa wannan, juya furen ya kalli ƙofa, sauke wancan ya yi wa na ƙasansa girma. Kwalla a ƙasa, langa a kai uku-uku, na Cekoslobakiya a tsakiya daidai ido. Tasoshin a katakon sama, wadda na ɓata na so in juya tabon ya kalli bango, Gwaggo ta ce bar shi yadda ya zo. Ƙorai a kife a kan faya-fayai ta ɓangaren da rana ba ta kaiwa, babbar kuma ɗinkinta a waje. Murfin mun jingine shi shi kaɗai a katakon tsakiya a kan ɗan faifai, Baffa da ya zo bayan la'asar a gabansa ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce a kira yara a yi wa Iya da Malam addu'a.

Lissafi zuwa yau, da kuɗin mota wajen 15,000: dubu 302 da ɗari 5.

Saura: faya-fayai uku bakinsu ya warware, mai nono ta ce akwai matar da za ta iya. Tandun kwallin ya bushe ya yi tauri, zan kai wa dukawa a Kurmi su gani kafin in shafa masa komai. Ina neman mai ɗinkin hannu, an ce in gwada Zariya, wanda zai tare hujin asun ta ciki ba tare da ya taɓa aikin ba. Sannan in zauna in rubuta maganar Gwaggo daga rikodin, kowane kwano da labarinsa a ƙaramar takarda in sa a cikinsa. Ta ce in dawo ranar Juma'a, akwai na zanen saƙin da ba ta ba ni ba tukuna.